Ya faɗi sirrin yayata daidai, to daga Allah yake kenan?

'Yar Kagoro: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Don Allah ina da damuwa, kwana uku kenan ina rubutawa ina gogewa amma yau dai nace bari in kawo muku. Yayata ce, shekara bakwai da aure Allah bai basu haihuwa ba, ɓari biyu tayi. Bara wata ƙawarta ta ja ta wani gidan addu'a, bazan faɗi wurin ba, ana tsakiyar addu'ar dare mutumin da yake shugabantar wurin ya kirata gaba ya faɗi sunan ƙauyenmu ya faɗi aikin mijinta yace ɓari biyu tayi, duk daidai babu kuskure ko ɗaya. Daga nan fa yaya ta sallama gaba ɗaya. Sai yace mata wai Ubangiji ya nuna masa uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa, kar ta ƙara cin abincin tsohuwar kar ta ƙara taka gidanta, ta daina zuwa asibiti wai rashin bangaskiya ne, ta kuma shuka iri, wato ta kawo masa baikon kuɗi, na dubu ɗari da hamsin, kafin Kirsimeti zata ɗau ciki. Keken ɗinkinta ta sayar ta kai masa. Kirsimeti tazo ta wuce shiru. Data koma sai yace ai ita tayi shakka a zuciya, sai an sake wani irin. Yanzu gida ya rikice, mijin baya mata magana sosai, tsohuwa kullum kuka. In nayi magana sai tace min to in ba Allah ne ya gaya masa ba ta ina yasan sirrinta? Ni kuma bani da amsa. Ya ake gane wanda Allah ya aiko da wanda ya aiko kansa?

Maman Zumunta: Wayyo 'yata sannu. Allah ya ta'azantar da yayarki. Abin nan ya taɓa ni sosai, bari in gama girki zan dawo inyi magana.

Ɗan Farkawa: Ƙanwata sannu da haƙuri, amma ina roƙon gidan nan muyi hankali da bakinmu. Bamu san mutumin nan ba, bamu ji daga ɓangarensa ba. Zabura 105:15 ta gargaɗe mu kar mu taɓa shafaffu na Allah kar mu cuci annabawansa. Mutane da yawa sun jawo wa kansu masifa da irin wannan hirar.

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa ka koma ka karanta zaburar daga sama mana. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo baƙi daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah ya tsawata wa sarakuna kar su cuce su. Ina ruwan wannan da hana mai bi yin tambaya? Babu wanda yace aje a doki mutumin. Kuma ai gwadawar nan umarni ce ba raini ba, 1 Yahaya 4:1 cewa tayi kar mu gaskata kowane ruhu sai mun gwada mun gani ko na Allah ne, saboda annabawan ƙarya da yawa sun fito duniya. Mutanen Biriya Bulus da kansa suka saurara, suka koma gida suna binciken Nassi kullum suga ko haka abin yake, Luka kuma yabonsu yayi a Ayyukan Manzanni 17. In za'a iya bincikar Bulus waye ya fi ƙarfin bincike?

Ɗan Farkawa: Na yarda a gwada malam. To mu gwada ɗin. Ya faɗi ƙauyensu, ya faɗi aikin miji, ya faɗi ɓari biyu, bai taɓa ganinta ba. Wannan ba gwaji bane ya ci?

Baba Dattijo: Ɗana, tambayarka ita ce tambayar yarinyar nan, kuma ita ce igiyar da aka ɗaure yayarta da ita, don haka bari in daɗe a kanta. Ka tuna baiwar nan ta Filibi a Ayyukan Manzanni 16, mai ruhun duba, wadda iyayengijinta ke samun kuɗi da yawa da ita. Kwana da kwanaki tana bin Bulus da Sila tana ihu cewa waɗannan bayin Allah Maɗaukaki ne masu shelar hanyar ceto. Akwai ƙarya a abin da ta faɗa? Babu. Amma Bulus ya juya ya fitar da ruhun. Kaga ashe ana iya faɗin abu daidai alhali ba daga Allah ya fito ba. Mu da muka taso a ƙauye kafin bishara ta zauna sosai mun ga bokaye da idonmu, mutum zai shiga bai buɗe baki ba a gaya masa abin da ya kawo shi. Su ma annabawa ne kenan? Musa ya riga ya rufe wannan ƙofar a Maimaitawar Shari'a sura 13, yace ko da alamar da mutum ya faɗa ta cika, in yana janku zuwa wata hanya dabam da ta Ubangiji kar ku saurare shi. Don haka ni ba na fara tambayar me ya sani, ina fara tambayar ina yake kai ta. Tunda ta haɗu da mutumin nan ta ƙara ƙaunar mijinta ne ko ta ragu? Ta ƙara girmama surukarta? Ta ƙara dogara ga Yesu ne ko ga shi mutumin? Ubangijinmu yace da 'ya'yansu zaku gane su, to ga 'ya'yan nan a fili, gida ya rabu, sana'a ta tafi, tsohuwa na kuka.

Ɗalibin Tauhidi: Baba na gode. Ina so in ƙara wani abu, don wani lokaci ma ba sai an kai ga maganar ruhohi ba, dabara ce kawai ta ɗan adam. A Amurka akwai wani mai wa'azi Peter Popoff, a taronsa yakan kira mutum da sunansa ya faɗi adireshin gidansa da cutar dake damunsa, jama'a suna kuka suna cewa Allah ne ke magana. A 1986 wani mai bincike James Randi da abokan aikinsa suka je da na'urar kama rediyo suka gano matarsa ce ke karanto masa bayanan ta wani ɗan ƙaramin abu dake cikin kunnensa, daga takardun roƙon addu'a da mutane suka cike kafin a fara taro. Har a talabijin aka nuna. Anti 'Yar Kagoro don Allah ita ƙawar data kaita, tasan waɗannan abubuwan?

'Yar Kagoro: Kai!! Tasan komai mana, tare suka yi makaranta, ita ta kwana da ita a asibiti lokacin ɓari na biyu. Kuma yanzu da kace haka na tuna tana cikin masu tarbar baƙi a wurin. Ni ban taɓa haɗa abin ba sam.

Baba Dattijo: To 'yata kar ki yi saurin ɗora mata laifi, ƙila ita ma da zuciya ɗaya ta bada labarin don a taya da addu'a. Amma dai kin samu amsar tambayar yayarki, akwai hanyar da labarin zai bi ya kai kunnensa ba tare da wahayi ba.

Malamin Lahadi: Kuma duk wannan ma a ajiye shi gefe. Yace kafin Kirsimeti, da sunan Ubangiji ya faɗa. Bai faru ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta gama magana, in annabi yayi magana da sunan Ubangiji abin bai cika ba to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, da izgili yayi, kar aji tsoronsa.

Ɗan Farkawa: To Yunusa fa? Yace saura kwana arba'in a hallaka Nineba, kwana arba'in suka wuce Nineba na nan. Shi ma annabin ƙarya ne? Annabci yana da sharaɗi malam, halin mai karɓa yana iya canza shi.

Malamin Lahadi: Tambaya mai kyau ce wannan, ban raina ta ba. Amma duba bambancin. Irmiya 18 ta bayyana ƙa'idar, in Allah yayi shelar hukunci akan al'umma suka tuba zai janye. Mutanen Nineba sun tuba a fili tun daga sarki har talaka, kowa ya gani, ba wani abu bane a ɓoye cikin zuciya da Yunusa kaɗai ya sani. Ita baiwar Allah nan me ta ƙi yi? Ta bar asibiti, ta yanke surukarta, ta sayar da kekenta. Duk abin da yace tayi. Sai da abin ya ƙi sannan ya fito da sharaɗin da babu mai iya gani, wai tayi shakka. Irin wannan annabcin bazai taɓa faɗuwa ba ai, in ya cika nasa ne in bai cika ba laifinki ne, kuma kowane faɗuwa sai kin sake biya.

Ɗalibin Tauhidi: Ni abin da nake dubawa shine me mutum yake yi ranar da maganarsa ta faɗi. Annabi Natan ya cewa sarki Dawuda yaje ya gina Haikali Ubangiji na tare dashi, a daren nan Allah yace masa a'a ba haka bane, ya koma ya gyara maganarsa gaban sarki, 2 Sama'ila 7. Bai ce ai Dawuda ne bangaskiyarsa tayi ƙasa ba. Ko Harold Camping na gidan rediyon nan a Kalifoniya da yasa ranar 21 ga Mayu 2011 yace ranar za'a fyauce masu bi zuwa sama, mutane suka bar aiki suka kashe ajiyarsu, bai faru ba ya matsar zuwa 21 ga Oktoba, nan ma shiru, a ƙarshe dai a 2012 ya fito ya amsa cewa yayi kuskure kuma zunubi ne. Ɓarnar ta riga ta faru amma ko ba komai ya amsa. Namu na nan kuwa kafin zaɓe kowa da sunan wanda Allah ya nuna masa, bayan zaɓe sai a goge bidiyo a cigaba kamar ba'a yi ba.

Mai Bin Littafi: Ni dai duk wannan doguwar magana ce. Annabci ya ƙare tunda aka kammala Littafi Mai Tsarki. Duk wanda ya tashi yau yace Ubangiji ya gaya min maƙaryaci ne, shikenan. Da mun riƙe wannan da babu wanda zai cuci 'yan'uwanmu.

Ɗan Farkawa: A nan kam bazan yi shiru ba. Ina aka rubuta haka? Bitrus ranar Fentikos ya ɗauko maganar Yowel yace 'ya'yanku maza da mata zasu yi annabci. Filibus yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci. Agabas ya faɗi yunwa ta kuma zo a zamanin Kalaudiyas. Bulus yace kar ku danne Ruhu kar ku raina annabci. Kuma bari in faɗi abin da yasa nake zafi akan maganar nan. Shekarun baya na shiga shaye shaye sosai, babu wanda ya sani a gida don a wani gari nake aiki, har na fara tunanin kashe kaina. Wata tsohuwa mai sharar majami'a wadda ko karatu bata iya ba ta tare ni bayan sujada ta riƙe hannuna tace ɗana Ubangiji yasa min nauyinka kwana uku ban yi barci ba, abin da kake shirin yi kar kayi, ka koma wurin mahaifinka. Nayi kuka kamar yaro. Yau ina nan da mata da yara. Kace min wannan ƙarya ce?

Baba Dattijo: Mun gode Allah da ya raya ka ɗana. Ni na gaskata shaidarka. Amma ina so ka dubi tsohuwar nan da kyau. Nawa ta karɓa?

Ɗan Farkawa: Ko sisi Baba. Dana samu sauƙi na kai mata turmin zani sai da matar fasto tasa baki kafin ta karɓa.

Baba Dattijo: Ta kira ka gaban jama'a da makirfo? Ta ce wani a danginku ne ya yi maka asiri? Ta ce ka riƙa dawowa wurinta duk wata? Wurin mahaifinka ta tura ka. Kaga kai da kanka kana riƙe da ma'aunin, ka taɓa ganin na gaskiya, ka ɗora mutumin can kusa da ita ka gani. Kai kuma ɗan'uwa Mai Bin Littafi, na san akwai manyan malamai masu tsoron Allah da suke da ra'ayinka, ba yau aka fara wannan muhawarar ba kuma baza mu gama ta a waya ba. Amma ayar da Ɗan Farkawa ya kawo, 1 Tasalonikawa 5, bata tsaya a kar ku raina annabci ba, ta cigaba da cewa ku gwada komai ku riƙe mai kyau. A 1 Korintiyawa 14:29 kuma annabawa biyu ko uku suyi magana sauran su auna. Wato a ikkilisiyar farko babu mai cewa Ubangiji yace sannan kowa ya kama bakinsa. Mutumin da babu dattawa a kansa, babu wanda ya isa ya tambaye shi, shi ne fasto shi ne ma'aji shi ne annabi, wannan ko baiwarsa ta gaske ce yana cikin haɗari, balle mabiyansa.

Mai Bin Littafi: Ban canza ra'ayi ba Baba, amma akan mutumin nan dai bakinmu ɗaya.

Anti Nas: Ku gafarce ni na shigo a makare, daga aikin dare nake. Ni maganar asibitin ce ta tsaya min a wuya. Mace tayi ɓari biyu, akwai abubuwa da dama da likita zai duba, wasu ma ana maganinsu, kuma shi mijin ma ya kamata a gwada shi don ba kullum matsalar daga mace take ba, amma an hanata zuwa asibiti shekara guda kuma shekaru ba jiranta suke ba. Ina ganin irinsu, sai an gama yawon gidajen addu'a ciwo ya ci jiki sannan a kawo mana. Wane Littafi ne ya hana magani? Ishaya annabi ne, shi yace a shafa wa sarki Hezekiya curin ɓaure a marurunsa. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Kuma don Allah kar mu ɗauka ƙaramin abu ne, a Kenya a dajin Shakahola a 2023 gawa fiye da 400 aka tono, da yara a ciki, mabiyan wani mai wa'azi Paul Mackenzie da aka tuhuma da cewa yasa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Ba rana ɗaya aka kai su nan ba, da kaɗan kaɗan aka fara, ku bar asibiti, ku cire yara daga makaranta, ku rabu da danginku.

Ɗalibin Tauhidi: Maganar kuɗin ma tsohuwa ce. Akwai wani ɗan littafi na ikkilisiyar farko da ake kira Didake, wato Koyarwa, an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu. Su ma sun sha fama da masu yawo da sunan annabci, sai suka sa ƙa'ida, baƙo ya kwana ɗaya ko biyu in ya kai uku yana cin na jama'a na ƙarya ne, in zai tafi gurasa kawai zai ɗauka, in ya roƙi kuɗi na ƙarya ne. Amma in yace a bayar domin wasu mabukata kar a hukunta shi. Ba Nassi bane amma yana nuna yadda iyayenmu na bangaskiya suka duba abin. A Nassin kuma ga Elisha, Na'aman yazo da azurfa da zinariya da tufafi bayan ya warke daga kuturta, Elisha ya rantse bazai karɓa ba, Gehazi da yabi bayansa ya karɓo shi kuturtar ta kama.

Ɗan Farkawa: Ma'aikaci dai ya cancanci ladansa, kar mu mayar da duk baiko zunubi.

Malamin Lahadi: Babu mai musun wannan. Muna bada zakka da baiko muna ciyar da fastocinmu da farin ciki. Amma sa farashi akan ciki, kawo kaza ki samu ɗa, wannan ciniki ne, shi Bitrus ya tsawata wa Siman a kai da yaso sayen baiwar Allah da kuɗi.

Maman Zumunta: Na dawo, na karanta duka. Kun yi magana mai kyau iyayena maza amma akwai abin da baku taɓa ba, kuma laifinmu ne mu. Me ya kai yarinyar nan wurin tun farko? Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni shekara tara nayi kafin na samu ɗana na fari, na san abin da nake faɗa. Ranar Lahadi ana kawo jarirai gaba ana rawa ana guɗa, ke kina zaune a baya kina murmushin dole, a zumuntar mata ana habaici, dangin miji ana ƙirga miki shekaru, babu wanda zai zo ya zauna dake ya tambaye ki ya zuciyarki. Sai ga wani ya kira ki gaban jama'a yace Allah ya ganki ya san kukanki, ya kuma baki rana. Ko ni a lokacin da na bi. Irin su Hananiya kenan a Irmiya 28, yace cikin shekara biyu za'a karya karkiyar Babila kowa ya dawo gida, Irmiya kuwa shekara saba'in yake faɗa, wa zai so yaji saba'in alhali ga mai cewa biyu? Shi kansa Irmiya sai da yace amin Allah yasa haka, don shi ma yana so. Amma ba haka Allah yace ba, Hananiya kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Sannan maganar tsohuwar nan ku dubeta da kyau, a garuruwanmu in aka ce tsohuwa mayya ce ko ta ɗaure mahaifa kun san inda abin ke kaiwa, an kori wasu daga gidajensu an doki wasu. Shaidar zur ce akan baiwar Allah da bata san hawa ba bata san sauka ba. Hannatu taje haikali tana kuka, Eli cewa yayi ta sauka lafiya Allah ya biya mata bukata, bai nuna mata Feninna yace ga mai yi miki ba alhali kishiyar ma tana tsokanarta da gaske.

'Yar Kagoro: Mama kin sa ni hawaye. Gaskiya ni ma ban taɓa zama na tambayeta haka ba, faɗa kawai nake mata. To yanzu ya zanyi? In na tura mata duk wannan zata ce na kai ta gaban duniya.

Maman Zumunta: Kar ki tura mata komai. Kar kuma kije da ayoyi kamar mai zuwa kotu, kar ki zagi mutumin a gabanta don zata tsaya ta kare shi ne. Kije ki kwana wurinta, ki taya ta aiki, ki barta tayi kukanta. In ta sake miki tambayar nan ta ina ya sani sai ki tambayeta a hankali waye a wurin yasan labarinta kafin ranar, ki barta ta haɗa da kanta.

Anti Nas: In ta yarda da komawa asibiti ki min magana ta gefe in gaya miki irin likitan da zasu nema, amma su je tare da mijin.

Baba Dattijo: Kuma a nemi dattijo ɗaya ko matar fasto da take jin maganarsu suje su ga surukar, tsohuwar nan tana bukatar taji daga bakin ikkilisiya cewa ba'a ɗauke ta mayya ba. Wannan kar a jira sai yayarki ta sauko.

Ɗan Farkawa: Ni har yanzu ina ganin a samu wani yaje ya ga mutumin ido da ido kamar yadda Matiyu 18 ta koyar kafin a yanke masa hukunci gaba ɗaya, in ana so ni zan iya raka mijin. Ƙanwata nawa ne keken ɗinki irin nata yanzu? Ki bincika ki gaya mana, ni zan fara da dubu goma.

Malamin Lahadi: A sa ni dubu biyar ƙarshen wata.

'Yar Kagoro: Allah ya saka muku iyayena. Ranar Asabar zan shiga mota in je wurinta, zan tsaya kasuwa in tambayo kuɗin keken. Mama zan kira ki kafin in shiga gidan.